Amsoshin Tambayoyinku: Kamp Ɗin Hutu Ya Ci Min Kuɗi

TAMBAYA: Anti, na biya N85,000 na sa yarana biyu a samar kamp, wato kamp ɗin yara na lokacin hutu, nan Gwarimpa a Abuja. A fulaya sun rubuta koyon kwamfuta, iyo, zane da abincin rana. Sati biyu kenan kullum katun ake kunna musu, abinci kuma indomi da ruwan leda, ƙaramin ma ya dawo da mura don an bar su cikin ruwan sama. Ko barci ba na iyawa, gani nake ni na jawo musu.

AMSA: Sannu 'yar uwa, Allah ya ba yaro lafiya. Ki daina ɗora wa kanki laifi, alheri kika nufe su da shi. In zazzaɓi ya biyo bayan murar nan ki kai shi a gwada maleriya, kin san damina ce. Gobe da safe kuma ki je da ƙafarki, ba waya ba, ki riƙe fulayar da shaidar tiransifa, ki nemi a dawo miki da kuɗin kwanakin da suka rage. In suka fara yi miki hanya-hanya, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, hedikwatarta nan Abuja take kuma tana karɓar ƙorafi ta intanet. Yaran dai ki cire su.

Amma iyaye, wallahi abin nan yana damuna. Da an rufe makarantu a ƙarshen Yuli sai kowa ya zama mai kamp, a yi hayar aji biyu a makarantar da ba kowa, a ɗauko matasa masu zaman jiran aiki, a kwaso hotunan yaran Turawa a intanet a zuba a sitatus ɗin WhatsApp, shi kenan mu kuma mu hau tura kuɗi gaba ɗaya. Mace za ta yi awa guda a kasuwar Wuse tana murza atamfa don kar a sayar mata da jabu, amma inda za a ajiye mata ɗa daga safe har azahar ko leƙawa ba ta yi ba! Ku je ba tare da kun sanar ba. An ce kwamfuta, toh a nuna muku, guda nawa ne, yara nawa ne, in Nepa ta ɗauke akwai janareta ko sola? An ce iyo, ina wurin iyon kuma wane babba ne ke tsaye a kansu? Ku shiga banɗakin ku gani da idonku. Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne get, ku tambaya ko duk wanda ya zo ya ce shi kawun yaro ne za a miƙa masa. Sannan ku nemi biyan sati-sati, wanda ya ƙi yarda da wannan ni ban natsu da shi ba.

TAMBAYA: Maƙwabcina a Kubwa ya kai yaransa wani kamp mai tsada a Maitama, nawa sun dame ni da kuka. In ci bashi in kai su?

AMSA: Haba Malam! Satumba ta kusa, ga kuɗin makaranta ga yunifom ga littattafai, kai kana maganar bashi saboda maƙwabci? Kuɗin man zuwa Maitama kullum kaɗai ka lissafa? Ka bar su a Islamiyyarsu su yi hadda, ranar Asabar ka ɗauke su zuwa gidan zu na Asokoro ko Millennium Park da abincin gida a kula.