Amsar Injiniya ga Alhaji kan wayar wuta da gwajin taransifoma

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Alhaji na ji saƙonka tun da rana, ina wajen aiki ne shi ya sa ban amsa ba, a yi haƙuri. Ka ce za ka sa taransifoma mai 500kVA a injin shinkafarka, kana tambaya ina za ka samu waya mai kyau, kuma wa zai maka gwaji kafin a jona maka wuta. To bari in amsa a nan guruf ko wani ma zai amfana.

Maganar waya dai muna da masu yinta a ƙasar nan, akwai Coleman a jihar Ogun, akwai Cutix a Nnewi, Nigerchin da Kabelmetal a Legas, mu nan Arewa ga Nocaco a Kaduna. Amma Alhaji don Allah kar sunan da ke jikin leda ya ruɗe ka, ƴan jabu suna buga sunan kowa. Ka nemi kamfanin da kansa su faɗa maka waye dilansu a Kano, ka saya a can da rasit, ka duba shaidar MANCAP da hukumar kula da ingancin kaya ta SON take ba kayan da aka yi a gida, in kuma daga waje aka shigo da ita to takardar SONCAP za ka tambaya.

Wallahi bara wani bawan Allah ya kira ni wai wayarsa tana zafi har tana wari, na je na sa wuƙa na kankare bakinta sai ga fari fat a ciki, ashe alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, shi kuma kuɗin jan ƙarfe ya biya, abin ya min ciwo sosai don bashi ya ci ya yi aikin. Ka ɗaga nadin wayar ma ka ji, jan ƙarfe ya ninka alminiyam nauyi sama da sau 3, kuma in kaurinsu ɗaya alminiyam ba zai ɗauki wutar da jan ƙarfe zai ɗauka ba, don sauƙin wucewar wuta a cikinsa kusan kashi 61 cikin 100 ne kawai na jan ƙarfe. Ba wai alminiyam ba shi da kyau ba fa, wayoyin kan fal ɗin nan na 11kV da 33kV ai duk shi ne, irin wayar alminiyam da ake kira ACSR ma da ƙarfe a tsakiyarta don ta jure ja, matsalar a sayar maka da wani abu da sunan wani.

Sai gwaji, nan ne mutane suke haɗa abu biyu. Akwai babban gwaji wanda ake sakar wa taransifoma ko burka (na'urar da ke katse wuta in an samu matsala) wuta mai tsananin ƙarfi kamar an samu shot, wato wayoyi sun haɗu, a gani ko zai jure, wannan sai manyan ɗakunan gwaji irin KEMA a Arnhem ta ƙasar Holan, CESI a Milan, ko CPRI a Indiya. Ba kai za ka kai ba, wanda ya ƙera shi ne yake kai samfuri, kai naka ka ce dila ya ba ka kwafin takardar, ka duba girma da samfurin da aka rubuta ya yi daidai da farantin da ke jikin naka, in ya fara kame-kame ka bar masa kayansa.

Na biyu shi ne na wajen aiki, a sa mega, wato na'urar da ke gwada ko wuta tana yoyo, a kebul da taransifoman, a auna at, wato wayar kariya da ake binnewa a ƙasa, a ɗebi man taransifoman a gwada. Ka samu injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, ya yi, ka tsaya a wajen da kanka ko ka sa yaronka, a rubuta sakamakon a gabanku. Daga nan sai NEMSA, hukumar gwamnati mai duba ingancin aikin lantarki, su zo su duba su ba da satifiket, sannan KEDCO su jona.

Ka turo min ta firaibet layin da ke kusa da kai 11 ne ko 33, da nisansa zuwa injin, gobe in Allah ya kai mu sai in lissafa maka kaurin wayar kafin ka je kasuwa. Na gode, sai da safe.