Filin Tambaya da Amsa: Me tarukan kare muhalli suke kai wa gona?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makaranta ne a garin Tahoua, kuma ina noma ƴar gonar gado a bayan gari. Kusan kowane wata sai na ji a rediyo cewa wakilan ƙasashen Sahel sun hallara a Yamai, ko Wagadugu, ko Abijan, domin tattauna gurgusowar hamada da sauyin yanayi. A ci, a sha, a karanta sanarwar bayan taro, a watse. Ni dai koramar da ke cin gefen gonata ba ta fasa ba, iccen girki kuma kullum ƙara tsada yake yi. Don Allah a gaya mini gaskiya: waɗannan taruka suna da amfani ga talaka, ko kuɗin zama kawai ake rabawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ba da ladan koyarwa. Ba zan ce ƙorafinka ba shi da tushe ba, domin ni kaina na zauna a irin waɗannan zauruka. Na taɓa halartar wani taro na kwana uku a wani otal a nan Yamai, inda aka yi ta jawabi da Faransanci a kan farfaɗo da matacciyar ƙasa, alhali dattijo guda da aka ɗauko daga ƙauye, wanda shi kaɗai ne hannunsa ke da kanta a cikinmu, yana zaune a layin baya da na'urar fassara a kunne wadda ba ta fassara zuwa Hausa. Minti biyar aka ba shi, dab da tashi cin abincin rana, kuma kafin ya gama gaisuwa rabin zauren ya miƙe.

Haka kuma manyan adadin da kake ji suna buƙatar a karanta su da hankali. A ranar 25 ga Fabrairun 2019, shugabanni da wakilan ƙasashe 17 sun taru a Yamai ƙarƙashin Hukumar Yanayi ta Yankin Sahel, suka amince da shirin da aka ƙiyasta zai ci kusan dala biliyan 400 daga 2018 zuwa 2030. Wannan lissafin abin da ake buƙata ne, ba kuɗin da ke cikin baitulmali ba, kuma wanda ya ji labarin a rediyo ya zauna jiran rabonsa, to ya yi ta jira.

Sai dai kuma ba daidai ba ne a yi musu kuɗin goro. Akwai matsalolin da ƙasa ɗaya ba ta iya magance su ita kaɗai, tun da ruwa da fari da fara ba su neman takardar shiga ƙasa. Kogin Kwara yana cika sau biyu a Yamai: jan ruwa na damina, wanda yake zuwa daga rafuka irin su Sirba da Dargol da ke gangarowa daga wajen Burkina Faso, da kuma baƙin ruwa na lokacin sanyi, wanda ya taso tun daga duwatsun Gini, ya ratsa Mali wata da watanni kafin ya iso. Idan Bamako ba ta sanar da Yamai abin da ma'auninta ya nuna ba, mai lambu a bakin kogi ne zai kwana ciki. Domin irin wannan ne ƙasashe tara suka haɗu a Hukumar Kogin Kwara mai mazauni a Yamai. Ƙungiyar CILSS, wato kwamitin ƙasashen Sahel na yaƙi da fari, ita ma ɗiyar babban farin Sahel ce, an kafa ta a 1973, kuma a 1974 ta buɗe cibiyar AGRHYMET mai nazarin noma da ruwa da yanayi a nan Yamai. Kowace shekara, kafin faɗuwar damina, masana yanayi na yankin suna zama su fitar da hasashen ko ruwa zai sauka da wuri, ko za a sami tsaikon ruwa bayan shuka, ko koguna za su tumbatsa. A ganina wannan taro ya cancanci kuɗin motarsa. Aibinsa guda ne, wato hasashen yakan tsaya a takarda da harshen Nasara, sai in an dace da rediyon karkara da ya juya shi zuwa Hausa ko Zabarmanci ko Tamashek kafin manomi ya zuba iri.

Amma in ka tambaye ni haɗuwar ƙasa da ƙasa da ta fi canza jiharku, ba a zauren taro aka yi ta ba. A 1989 wani shirin raya karkara ya ɗauki wasu manoma ƙalilan daga yankin Illela ya kai su Yatenga, a arewacin Burkina Faso, inda manoma irin su marigayi Yacouba Sawadogo suka inganta tsohuwar dabarar haƙa ramukan shuka da suke kira zai. Mutanen Adar sun san ramin tun kakanni da sunan tassa, sai dai nasu ƙarami ne. Abin da suka gani a can shi ne a faɗaɗa shi, a zurfafa shi, kuma a ciyar da shi. Na taɓa tsayawa a kan wani fako kusa da Badagishiri a tsakiyar rani ina kallon wani magidanci da ƴaƴansa suna yin sa. Ƙasar tana ƙara kamar ƙarfe in an sare ta. Yakan haƙa rami mai faɗin kamar taƙi ɗaya da rabi na hannu, ya tara ƙasar da ya fitar a gefen gangare domin ta tare ruwa, yaro kuma ya biyo baya da kwando yana jefa taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu. Gara ce take ƙarasa aikin, domin takin yana jawo ta, ita kuma ta huda ƙasar da hanyoyinta, ruwan farko ya sami inda zai nutse maimakon ya gudu. Aiki ne mai karya baya, amma hatsi yana tsayawa a wurin da ko ciyawa ba ta fitowa. Cikin ƴan shekaru dabarar ta bi ƙauyuka daga maƙwabci zuwa maƙwabci, har fakon da a da ko kyauta ba a karɓa ya zama abin saye da sayarwa.

Taron zaure ma yakan yi rana idan ya taɓa doka. A watan Mayun 1984, a zamanin shugaban Nijar Seyni Kountché, an yi muhawarar ƙasa a Maraɗi a kan yaƙi da hamada, aka yarda cewa aikin ba zai yiwu ba sai da hannun mutanen karkara. Ka tuna cewa a wancan lokaci icce na gwamnati ne ko da a gonarka ya tsiro, kuma manomi yakan tumɓuke tsiron gawo tun yana ƙarami don gudun tarar ma'aikatan gandun daji. Da aka riƙa sassauta wannan riƙo, ta hanyar dokar karkara ta 1993 da dokar gandun daji ta 2004, sai sassabin zamani ya sami gindin zama, wato manomi ya bar kututturen da ke tofo, ya zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi, ya sare sauran. Ana ƙiyasta cewa ta haka aka farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram, ba tare da an dasa su ba.

Game da koramarka, Malam, a bakin gonarka take ɓarna, amma a tudu take samun ƙarfi. Jera duwatsu a inda take ci ba zai hana ta ba muddin ruwan yana gangarowa da gudu daga sama. Aikin farfaɗo da ƙasa na yankin Keita, wanda aka fara a 1984 da tallafin Italiya, kuma mata suka yi mafi yawan aikin ƙarfinsa, daga kan tuddai ya faro kafin ya sauko kwari. Ka tara masu gonakin da ke samanka, ku je tare wurin ma'aikacin muhalli na ƙaramar hukumarku ya auna muku layukan da za ku jera duwatsu da inda za ku haƙa ramukan tare ruwa masu siffar rabin wata, kuma ku fara tun da rani.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Yamai. Ana ta ambaton Babbar Ganuwar Itatuwa a taruka, amma ban taɓa jin wanda ya ce ya gan ta da idonsa ba. A ina take?

Amsa: Malama, sunan ne ya fi abin girma. Tarayyar Afirka ta amince da shirin a 2007, da nufin shimfiɗa ɗamarar itatuwa ta kusan kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti, kuma hukumar da ƙasashe 11 suka kafa domin sa tana Nuwakshot. Tun tuni aka bar tunanin jeren itatuwa guda, saboda dashen da babu mai ba shi ruwa ko kare shi daga awaki ba ya kai bazara, abin da duk mai lura da dashen ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itatuwa a Nijar, ya sani. Yanzu ganuwar tana nufin gonaki da makiyaya da fako da ake farfaɗowa nan da can, da burin hekta miliyan 100 kafin 2030. Rahoton da aka fitar a 2020 ya nuna kusan hekta miliyan 4 ne aka gyara a cikin yankin da aka shata, shi ya sa a taron Paris na Janairun 2021 aka yi alkawarin ƙarin sama da dala biliyan 14. In kina son ganin wani abu mai kama da ganuwa da idonki, ki je kwarin Majiya a wajen Buza, inda layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 domin kare gonaki daga iska suke tsaye har yau.