Filin Tambaya da Amsa: Jigo, Amsa-amo da Zamunan Adabin Hausa

Tambaya: Malam, ni 'yar aji uku ce a babbar sakandare, zan zauna NECO bana. In aka ba mu waƙa aka ce mu fito da jigo da zubi da tsari, sai in rasa ta inda zan kama. Daga wata ɗaliba, Kiyawa, Jihar Jigawa.

Amsa: 'Yata, fara da ƙirga, shi ya fi sauƙi. Layi ɗaya na waƙa shi ne ɗango, ɗangwayen da suka taru wuri guda su ne baiti. Duba waɗannan da muka shirya don misali:

Damina ta sauko da wuri,
Mun kai taki mun zuba iri,
Kowa da fartanya ya tashi.

Kaka ta yi, gero ya nuna,
Yara da manya suna murna,
Kowa ya ci tuwo ya ƙoshi.

Baiti 2 ne, kowanne da ɗango 3, don haka waƙar ƙwar uku ce. Gaɓar "shi" da ta rufe kowane baiti ita ce babban amsa-amo, ba ta sauyawa har waƙa ta ƙare. "Ri" da "na" kuwa ƙaramin amsa-amo ne, kowane baiti da nasa. Kin gama da zubi da tsari ke nan, sai ki ƙara da yadda aka buɗe waƙar da yadda aka rufe ta, ko da basmala da salati ko babu.

Tarko ɗaya: ba kowace ƙwar biyar ce tahamisi ba. Sai in wani ya ɗauki ƙwar biyun wani ya ƙara wa kowane baiti ɗango 3 sannan ake ce mata tahamisi.

A wajen jigo ne maki ya fi zubewa, domin ɗalibai kan kwashe labarin duka su juye a takarda. Jigo saƙo ne, kalma ɗaya ko biyu ta isa: a nan, albarkar noma. Bayan kin faɗe shi sai warwarar jigo, wato ki bi baiti-baiti kina kafa hujja da kalmomin mawaƙin: taki, iri, fartanya, ƙoshi. Jigon da ba a kafa masa hujja ba, mai gyaran takarda zai ɗauka canka aka yi.

Tambaya: Mene ne bambancin kamance da siffantawa? Daga wani ɗalibi, Sumaila, Jihar Kano.

Amsa: Nemi kalmar "kamar", "tamkar", "ya fi" ko "bai kai ba". "Sarkin noma kamar ingarma yake" kamance ne. Ka ce "sarkin noma ingarma ne" kai tsaye, ka siffanta. "Yunwa ta yi mana sallama" kuwa mutuntarwa ce, tunda aikin mutum aka ba yunwa.

Tambaya: Ina koyarwa a ƙauye, littattafai sun yi mana ƙaranci. Yaya zan jera wa yara zamunan rubutaccen adabi? Daga wani malami, Gwaram.

Amsa: Malam, kafa musu turaku uku a allo. Na farko jihadin 1804, zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u, lokacin waƙoƙin wa'azi da ilimi cikin ajami. Na biyu gasar rubuta labarai ta 1933 da Bature Rupert East ya shirya a Zariya, wadda ta haifi ƙagaggun labarai na boko irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara da Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A ƙarƙashinta ka rataya jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, 1939, da waƙoƙin siyasar jam'iyyun NEPU da NPC na shekarun 1950. Na uku littattafan soyayya da suka ɓarke a Kano daga shekarun 1980, marubuta na buga abinsu da kuɗinsu. Su ake kira Adabin Kasuwar Kano, sunan da marubutan da dama ba su so.

Sai dai ka ja musu kunne kada su ce adabin Hausa daga 1933 ya fara. Tatsuniyar da kakarsu ke yi musu da dare da waƙar niƙa da kirarin 'yan farauta duk adabin baka ne, kuma ana tambayarsu a jarrabawa.