Suga na daidai, amma wuyana na yin baƙi: wane gwaji zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata na da ciwon suga. Na gwada nawa da safe kafin in karya, ya nuna 5.2 mmol/L, amma bayan wuyana sai ƙara baƙi yake yi, tumbi kuma na fitowa. Akwai gwajin jinin da zai nuna ko jikina na jin insulin yadda ya kamata?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Akwai. 5.2 lafiya lau ne, sai dai bai isa ya kwantar miki da hankali ba. Idan tsoka da hanta suka fara taurin kai ga insulin, wato sinadarin da ke sauke suga a jini, jiki sai ya riƙa zubo shi da yawa don ya danne suga. Ana iya shekaru a haka suga na nuna daidai, insulin kuwa ya yi sama. Baƙin bayan wuya na cikin alamominsa.

Gwajin da ya fi sauƙi shi ne HOMA-IR, lissafin da masu bincike a Oxford suka fitar a 1985. Za ki kwana awa 8 ba ki ci komai ba, a auna suga da insulin a jini ɗaya, a ninka lambar sugan (mmol/L) da ta insulin (µU/mL), a raba da 22.5. Da suganki 5.2, in insulin ya nuna 6, sakamakon kusan 1.4 ne. In ya nuna 18, ya haura 4, alhali sugan bai motsa ba. Amma kada ki riƙe lambar kamar hukunci: ɗakunan gwaji sun bambanta wajen auna insulin, kuma babu iyaka ɗaya da duniya ta amince da ita.

Mafi inganci shi ne wanda wani likita mai suna DeFronzo ya bayyana a 1979, ana ɗura insulin da suga ta jijiya na sa'o'i. Na masu bincike ne, ki manta da shi.

Za ki ga ana yaba raba lambar kitsen jini na triglyceride da ta HDL, wato kitsen jini mai kyau. Ni ba na dogara da shi a mutanenmu, domin baƙar fata kan samu triglyceride ƙasa ko da jikin ba ya jin insulin. HbA1c kuma, mai nuna sugan wata 2 zuwa 3, yakan yi ƙarya ga mai sikila ko ƙarancin jini.

A wurinki, na fi son gwajin shan ruwan suga giram 75, a sake aunawa bayan awa 2. Daga 7.8 zuwa 11.0 gargaɗi ne. Ki tafi da sakamakon wurin likitanki, ki nuna masa wuyan.