Yawo Ka Je Ko Ziyara? Amsoshin Wasiƙun Ɗalibanmu na Masar

Wasiƙun wannan mako kusan duk daga 'ya'yanmu ne masu karatu a Alƙahira. Da alama hutu ya kama, kowa ƙafarsa na ƙaiƙayi.

Allah ya gafarta Malam, mu biyar muka je Iskandariyya muka kwana biyu. Da na kira gida na ce wa Baba mun je yawo, sai ya yi shiru, can ya ce shi ba yawo ya tura ni ba. Ina laifin kalmar?

Ɗana, Babanka ya fi ka jin Hausa, kuma ka nemi gafararsa. Yawo tafiya ce da ba ta da alƙibla. Duba abokan zamanta ka gane halinta: yawon banza, yawon dandi, yawon duniya, yawon ta-zubar. Idan uwa ta ce ɗanta ya cika yawo, kuka take kaiwa. To mutumin da ya ƙuntata wa kansa ya tura ka Azhar, ka buga masa waya ka ce kana yawo, me kake so ya ji a ransa?

Na san inda kuka samo ta. Tun da aka ƙirƙiro "yawon buɗe ido", matasa suka sare wutsiyar suka riƙe kan, kowace fita ta zama yawo. Ita "yawon buɗe ido" ba ni da ja da ita, ƙira ce mai kyau, don "buɗe ido" ɗin ne ya wanke ta, ya ba ta manufa. Amma in ka cire shi, kalmar ta koma gidan jiya.

A wasiƙarka ka ce kun shiga masallacin Abul Abbas Almursi, kun tsallaka zuwa wanda ke kusa da shi inda ake jingina kabarin Imamu Busiri, mai Burdar da ake rerawa a zaurukanmu tun muna yara. Kun je ganuwar Ƙaitabai da aka fara ginawa a 1477 a gurbin tsohuwar hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya, kun leƙa babban ɗakin karatun nan da aka buɗe a 2002. Wannan sunansa ziyara. Kalmar Larabci ce, amma ta daɗe da zama 'yar gida, kuma tana ɗauke da niyya da girmamawa: wurin da za ka, ka san shi, ka san dalilin zuwanka. Da ka ce, "Baba, mun kai ziyara makwancin mai Burda," da addu'a za ka sha, har ya tambaye ka yadda wurin yake. Abin da ke ba ni takaici shi ne yaro ya yi abin kirki, bakinsa ya ɓata masa shi.

Malam, daidai ne a ce "mun ɗauki jirgin ƙarfe takwas"?

A'a. Jirgi shi ke ɗaukar ka. Kai shiga kake yi, ko hawa, ko ka bi shi: mun shiga jirgin ƙarfe takwas, mun bi jirgin safe. Bahaushe yana cewa ya ɗauki mota, amma fa idan shatarta ya yi, shi kaɗai da iyalinsa ko kayansa. Wanda ya yanki tikiti a tashar Ramsis ta Alƙahira ya zauna a tarago tare da mutum sittin, mai shayi yana ratsawa da tire yana kiran ciniki, wannan fasinja ne. Maganar Turanci ce aka sa wa riga da hula, kuma har a rediyo nakan ji ta yanzu.

Tun da an taɓo jirgi: asalin kalmar na ruwa ne, na fito. Da na dogo ya zo aka ce jirgin ƙasa, na sama ya biyo baya. Layin da kuke bi daga Alƙahira zuwa Iskandariyya, ta Banha da Ɗanɗa da Damanhur, an kammala shi a 1856, fiye da shekara 50 kafin dogo ya iso Kano.

Mene ne bambancin balaguro da tafiya?

Kowane balaguro tafiya ne, amma mai zuwa kasuwar unguwa bai yi balaguro ba. Sai an bar gari, galibi har a kwana. Bulaguro ma daidai ne, bambancin karin harshe ne.

Malam, me ya haɗa "zangon karatu" da "yada zango"? Wani abokina ɗan Kumasi ya ce unguwarsu ma Zongo ake ce mata.

Madalla da wannan tambaya, ita ce ta fi faranta mini rai. Kalma ɗaya ce tak. A zamanin fatauci, ayarin da ya tashi daga Kano zuwa Gwanja neman goro wata da watanni yake yi a hanya. Madugu ne shugaba, jagaba yana gaba yana duba hanya. Inda aka sauke kaya, aka kwance wa jakuna mangala, aka hura wuta, nan ne zango, saukar kuma ita ce yada zango. Daga nan ma'anar ta miƙe ta rufe tazarar da ke tsakanin masauki da masauki, shi ya sa za ka ji an ce tafiyar zango biyu ce, ko gari kaza ya yi zango da nan. Wasu fataken da suka sauka ba su ƙara tashi ba, suka yi aure, suka gina masallaci, masaukin ya zama unguwa. Zongon abokinka ke nan, a Kumasi da Akkara da sauran garuruwan Gana. Mu ma muna da Zangon Daura da Zangon Katab.

Wanda ya fara kiran kason shekarar karatu da "zango" ya san Hausa ƙwarai, Allah ya saka masa. Ya ɗauki karatu a matsayin doguwar tafiya da ake yi ana sauke kaya ana hutawa. Saboda haka ku da kuke amfani da hutun ƙarshen zango kuna leƙa Fayyum ko Isma'iliyya, a kan turbar kalmar kuke. Kuma kada ku ɗauka ku ne farkon sauka a wannan birni. Tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suke da makaranta da masauki a Alƙahira, wadda ake kira Madarasar Ibn Rashiƙ, domin ɗalibansu da alhazansu, daga baya kuma Barnawa suka samu ruwaƙinsu, wato sashen kwana da karatunsu, a cikin Azhar. Wanda yake kwana a Madinatul Bu'us, masaukin baƙin ɗaliban Azhar, yau, zangon kakanni ya gada. Ina jin ciwo in na ji ɗalibi na cewa "simista" alhali ga kalma mai wannan tarihi a bakinsa.

Misirawa suna cewa wane ya fito daga maulidi ba hummus. Muna da irinta?

Muna da su. Hummus ɗin wani wake ne mai kama da gujiya, ana gasa shi ana sayarwa tuli-tuli a maulidin Sayyid Badawi na Ɗanɗa, har ya zama duk wanda ya je da shi yake komawa gida. Wanda ya fito babu shi, ya halarci taro bai amfana ba. Mu sai mu ce ya dawo hannu Rabbana, ko ya tashi a tutar babu. In ya yi asarar abin da ya je da shi ma, to ba tsuntsu ba tarko.

Wannan hummus ɗin shi ne tsaraba. Na ga ɗaya daga cikinku ya rubuta wai ya sayo wa abokan ɗakinsa "guzuri" daga Ɗanɗa. Haba! Guzuri naka ne, shi kake ci a hanya, da shi ake fita. Tsaraba ta mutanen gida ce, da ita ake dawowa. Yara ba sa tarar matafiyi da "ina guzurina?"

"Zama wuri ɗaya tsautsayi," wa ya faɗa?

Kifi.

Malam, an ce matambayi ba ya ɓata, amma mu tambaya ce ta ɓatar da mu. A Iskandariyya muka ce wa direba ya kai mu tasha, ya ce wacce, Masar? Muka ce a'a, mu ba mu bar Masar ba tukuna. Ya sauke mu wani wuri daban, jirgi ya tafi ya bar mu.

'Ya'yana, karin maganar ba ta yi ƙarya ba, kunnenku ne bai riga ya zama na gari ba. Bamisire yana kiran Alƙahira kanta Masar, kamar yadda yake kiran ƙasar baki ɗaya. Babbar tashar Iskandariyya sunanta Tashar Masar, ɗayar kuma Sidi Jabir. Direban tambayar kirki ya yi muku, ku kuka ba shi amsar Larabcin aji. Tsofaffinmu ma da suka bi ta can zuwa hajji "birnin Masar" suke cewa, suna nufin Alƙahira.

Karin maganar da ta dace da ku ita ce da ɗan gari akan ci gari. Mutane suna yawan jawo ta wajen maganar cin amana, wato sai da na ciki ake cin birni da yaƙi, kuma wannan fassara tana nan daram. Amma "ci" a Hausa faɗi gare shi: ana cin kasuwa, ana cin sarauta, ana cin moriya. Baƙon da ke son ya ci moriyar gari, ɗan gari zai riƙa. Kuna zaune aji ɗaya da yaran Iskandariyya da na Mansura shekara uku, ba wanda ya ce wa ɗayansu, "In an yi hutu zan bi ka garinku." Hutu mai zuwa ku nemi ɗaya tun kafin a tashi, ku yanki tikitin dawowa tun a ranar zuwa, kowa ya sa fasfonsa da takardar iƙamarsa, wato ta izinin zama, a aljihun gaba, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai tambaya a kan "ci-rani" da "ƙaura" ya yi haƙuri sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.