Filin Likita: Takardar Gwajin Sukari da Mai Jinin AS

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni malamin makaranta ne a Zariya, shekarata 47. Na je asibiti saboda yawan ƙishirwa da tashi fitsari cikin dare, aka gwada sukarin jinina da safe kafin in karya kumallo aka samu 7.4, bayan mako guda aka maimaita aka samu 7.6. Daga nan aka yi mini wani gwaji mai suna HbA1c ya nuna 6.1, alhali a jikin takardar an rubuta cewa sai ya kai 6.5 ake kiransa ciwon sukari. Duk da haka likitan ya ce ina da ciwon, ya tambayi nau'in jinina na ce masa AS ne, sannan ya tura ni gwajin ƙoda da na maiƙon jini. Wane gwaji zan gaskata, kuma me ya haɗa sukari da ƙoda da zuciya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara lafiya. Likitanka ya yi daidai, kuma tambayar da ya yi maka game da nau'in jininka ita ce ta fi faranta mini rai a wasiƙarka, domin ba kowa yake tunawa ya yi ta ba. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita ita ce, idan mutum ya kwana aƙalla awa 8 bai ci komai ba, sukarin jininsa kuma ya kai milimol 7.0 a kowace lita ta jini, to ya shiga sahun masu ciwon. Naka ya haura wannan iyaka sau biyu a ranaku daban-daban, ga ƙishirwa ga fitsarin dare, saboda haka maganar ta tabbata ko da ba a yi gwaji na uku ba.

Shi gwajin HbA1c ba sukarin da ke yawo cikin jini a wannan lokacin yake aunawa ba. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai sinadarin himogulobin mai ɗaukar iska zuwa sassan jiki, kuma sukari yakan manne masa a hankali, idan ya manne kuwa ba ya sakinsa har sai ƙwayar ta mutu. Da yake jar ƙwaya takan rayu kimanin kwana 120, yawan himogulobin ɗin da sukari ya mannewa yana ba da labarin wata biyu zuwa uku da suka gabata, ba na karin kumallon yau ba. Wani likita ɗan ƙasar Iran, Samuel Rahbar, shi ne ya lura a shekarar 1968 cewa wannan nau'in himogulobin ya fi yawa a jinin masu ciwon sukari, sai a 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a riƙa gano ciwon da shi, ta sa iyakar a kashi 6.5 cikin 100.

Raunin gwajin yana cikin wannan lissafi na kwana 120. Duk abin da ya rage wa jar ƙwaya kwana zai rage lokacin da sukari yake samu ya manne mata, sai sakamakon ya fito ƙasa da gaskiya. Zazzaɓin cizon sauro mai fasa ƙwayoyin jini yana yin haka, zubar jini mai yawa da ƙarin jini na kwanan nan ma haka. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki, wanda ya yawaita tsakanin mata, shi kuma yakan ɗaga sakamakon sama da inda ya kamata. Game da masu AS, wani bincike da aka buga a Amurka a 2017, wanda ya duba baƙar fata 4,620, ya gano cewa idan mutum biyu suna da sukari iri ɗaya, mai AS yakan nuna kimanin 5.7 yayin da mai AA yake nuna 6.0. Tazarar kamar ba ta kai ta kawo ba, amma ga wanda yake bakin iyaka ita ce take raba wanda za a fara yi wa magani da wanda za a sallama a ce lafiyarsa ƙalau. Wani ɓangare na matsalar daga na'urorin yake, domin wasu hanyoyin aunawa sukan rikice idan suka haɗu da himogulobin na sikila, wasu kuwa ba sa rikicewa. Akwai kuma wata larurar gado da ake kira ƙarancin G6PD, wadda ta yawaita tsakanin mazan Afirka ta Yamma, kuma a wannan shekarar ta 2017 aka nuna tana iya sauke sakamakon namiji da kimanin 0.8. Mai SS kuwa ba a dogara da wannan gwaji a kansa gaba ɗaya, sai dai a auna sukarin kai tsaye ko a yi masa gwajin furuktosamin, mai ba da labarin mako biyu zuwa uku.

A ra'ayina, a ƙasa irin Najeriya inda kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, bai dace ɗakin gwaji ya miƙa wa kowa takardar HbA1c ba tare da an tambayi nau'in jininsa ba. Wannan ba yana nufin ka yi watsi da gwajin ba ne, Malam. Ka riƙa yinsa a ɗakin gwaji guda, domin hawa da saukarsa daga lokaci zuwa lokaci za su nuna ko magani yana aiki, sai dai ka haɗa da awon sukarin safe.

Sai batun zuciya da ƙoda, wanda shi ne ainihin dalilin da ya sa muke tsoron wannan ciwo. Sukarin da ya daɗe yana hawa yana lalata bangon hanyoyin jini, ƙananan da ke ido da ƙoda da tafin ƙafa, da manyan da ke ciyar da zuciya da ƙwaƙwalwa. Binciken garin Framingham na Amurka, wanda aka fara a 1948 da mutum 5,209, ya nuna tun da daɗewa cewa haɗarin ciwon zuciya yakan ninka ga mai ciwon sukari. A Birtaniya kuma an bi masu ciwon su 5,102 daga 1977 har zuwa 1997, aka ga cewa sauke sukari ya rage lahanin ƙananan hanyoyin jini da kashi 25 cikin 100, amma amfaninsa ga bugun zuciya bai fito fili sosai ba sai bayan ƙarin shekara goma ana bibiyarsu. Abin da ya fi saurin nuna amfani a wancan binciken shi ne sauke hawan jini, wanda ya rage shanyewar ɓarin jiki da kashi 44 cikin 100. Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye, domin binciken SIREN da aka gudanar a asibitocin Najeriya da Ghana, har da na koyarwa na Kano da Zariya, ya tabbatar a 2018 cewa hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba cikin abubuwan da ke jawo shanyewar ɓarin jiki a yankinmu.

Saboda haka kada ka ga kamar an ɗora maka kashe kuɗi ne ba dalili. Ƙoda ba ta kuka da wuri, gwajin jini na kiriyatinin da gwajin furotin a fitsari su ne suke tona lahaninta tun kafin ƙafa ta kumbura. A takardar maiƙon jini ka nemi layin da aka rubuta LDL, shi ne maiƙon da yake taruwa a bangon hanyar jini, kuma an nuna cewa duk sauke shi da milimol ɗaya a lita yana rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kimanin kashi ɗaya cikin biyar. Wannan ne ya sa ake ba mafi yawan masu ciwon sukari da suka haura shekara 40 maganin sitatin mai rage maiƙon jini, ko da maiƙon nasu bai yi yawa ainun ba. Ka kuma nemi a duba maka cikin ido da ƙafafunka sau ɗaya a shekara.

Tambaya: Salamu alaikum. Ni uwa ce daga Maraɗi. Ɗakin gwaji a nan ya rubuta mini 1.40, na'urar da ɗana ya sayo mini ta nuna 140, 'yar'uwata a Katsina kuma ta ce nata 7.8 ne. Wace ce ta fi wata ciwo a cikinmu?

Amsa: Hajiya, lambobin nan uku duk abu ɗaya suke faɗa, mudun awon ne ya bambanta. Ɗakunan gwaji na Nijar sukan bi tsarin Faransa na giram a lita, na'urarki tana lissafi da miligiram, na Katsina kuma da milimol, wanda idan aka ninka shi sau 18 zai ba da lambar na'urarki. Iyakar ciwon a awon safe ita ce 1.26 ko 126 ko 7.0, don haka idan kafin karya kumallo kuka auna, ku biyun kun haura ta, kuma ya kamata kowacce ta maimaita gwajin ta ga likita. Ki adana tsinken gwajin cikin kwalbarsa a rufe, nesa da rana da zafin murhu, domin zafi da laima suna ɓata shi.

Tambaya: Likita, mahaifinmu yana da shekara 74, ya shekara 18 da ciwon sukari, ya taɓa samun bugun zuciya. HbA1c ɗinsa 7.6 ne, nau'in jininsa AA. Muna so mu sauke shi ƙasa da 6 kamar na mai lafiya, amma tun da aka ƙara masa magani yakan yi gumi da rawar jiki kafin azahar, sau ɗaya ma ya rikice bai gane mu ba. Mu ci gaba?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, ya saka muku da alheri a kan kulawar da kuke yi masa, amma ina roƙonku ku mayar da shi wurin likitansa cikin wannan makon a sake duba magungunan. Gumi da rawar jiki da rikicewa alamun faɗuwar sukari ne, kuma ga dattijo mai tabon zuciya faɗuwar ta fi ɗan hawan haɗari. An taɓa gwada irin burin nan naku a Amurka da Kanada, a binciken ACCORD mai mutum 10,251, yawancinsu sun daɗe da ciwon kuma zuciyarsu tana cikin haɗari. Aka matsa wa rabinsu da magani don a kai su ƙasa da 6, sai aka ga mace-mace sun fi yawa a wannan rukunin, dole aka dakatar da matsawar a 2008 kafin wa'adi. Tun daga nan ake yanka wa kowane majinyaci burinsa gwargwadon shekarunsa da ƙarfin jikinsa. Kimanin 7 ya dace da mafi yawan mutane, ga mai shekarun Baba kuwa 7.6 ba abin tayar da hankali ba ne.

Ku tambayi likitan ko za a rage maganin da ke tilasta wa jiki fitar da insulin (sinadarin da ke sauke sukarin jini), irin su gilibenkilamaid, wanda ya yi ƙaurin suna wajen faɗar da sukarin tsofaffi, musamman idan ƙoda ta fara rauni. Ku kuma tambaye shi game da empagilifulozin, wanda aka gwada a kan mutum 7,020 masu ciwon sukari da na zuciya, aka samu a 2015 cewa ya rage mutuwa ta dalilin zuciya da kashi 38 cikin 100, kuma shi kaɗai ba ya yawan faɗar da sukari. Yana da tsada, yana ƙara fitsari, saboda haka sai an kula da shan ruwa a lokacin zafi. Kafin ku samu ganin likitan, kada Baba ya sha magani ya tsallake abinci, kuma duk sa'ad da alamun suka taso ku auna shi, idan ya yi ƙasa da 3.9, wato 70 a ɗaya ma'aunin, ku dama masa sukari cokali uku na shayi zuwa huɗu a ruwa ya sha, ku sake aunawa bayan minti 15. Idan har ba ya iya haɗiya, kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi asibiti.