Amsa ga mai tambaya kan lokacin cin abinci da barcin masu aikin dare

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na ga kin ce furojet ɗinki a kan nas-nas masu canjin duti ne, kina son gano ko lokacin cin abincinsu na da alaƙa da yadda suke barci, kuma cikin tambayoyin da kika tsara akwai "ƙarfe nawa kike karin kumallo" da "ƙarfe nawa kike kwanciya da dare". To gaskiya waɗannan biyun su zan ce ki fara cirewa, don ni na yi dutin dare kuma na taya mutane tattara irin wannan bayanin, wadda ta kwana a wod ba ta da amsarsu.

Ki duba yadda abin yake. Ta karɓi aiki wajen takwas ko tara na dare, sha ɗaya ta aika gun mai shayin bakin get a dafa mata Indomie da ƙwai, wajen uku idan barci ya fara fizgarta ta haɗa Nescafe ko ta ɓantari goro, wata kuma lemon ƙara kuzari take sha, da safe ta miƙa aiki ta koma gida ta tarar da wanke-wanke, sai goma ko sha ɗaya ta samu ta kwanta, azahar ta tashi ta ɗora girki, bayan la'asar ta ɗan ƙara rintsawa. Wanne ne karin kumallonta a nan? Wanne ne barcin dare? Kuma wannan matar mako mai zuwa tana dutin safe komai ya juye. Saboda haka kowace tambaya ki maimaita ta ga kowane irin duti, na safe, na yamma, na dare, da ranar hutu, ki tambayi ƙarfe nawa ta fara sa wani abu a baki bayan ta tashi, ƙarfe nawa ta ci na ƙarshe kafin ta kwanta, sau nawa ta ci a tsakani. Barcin ma ki bar layi biyu ko uku don kashi-kashi ake yinsa. Kuma ki rubuta ƙarara cewa shayi, kunu, biskit, gyaɗa duk a lissafa, in ba haka ba za ta ce miki ba ta ci komai ba tunda ba tuwo ko shinkafa ta ci ba.

Batun awon barci kada ki ƙirƙiro naki, sufabaiza zai tambaye ki wa ya tantance shi. Akwai takardar tambayoyin ingancin barci mai suna PSQI da aka fitar a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka a 1989, tambayoyi 19 ne kan watan da ya wuce, maki daga 0 zuwa 21, wanda ya haura 5 barcinsa ba shi da inganci. Akwai Epworth na 1991, yanayi 8 ne, maki har 24, yana auna yawan gyangyaɗi, sama da 10 ana ɗaukarsa ya yi yawa. Amma dukansu ba don masu canjin duti aka yi su ba, PSQI ma tambayarsa ta farko lokacin kwanciya da dare ce, shi ya sa ni na fi son a haɗa da wata takardar tambayoyin lokutan barci, MCTQ na Munich a Jamus, wanda a 2013 aka fitar da na masu canjin aiki, shi yana tambayar barci duti-duti. Ki nemi izinin amfani da su, kuma in za ki haɗa da masu shara da masu gadi har ki mayar Hausa saboda su, ki sa wani daban ya sake mayar da fassarar Turanci a gwada a gani ko ma'ana ta kauce.

Abin da ya fi duk wannan a wurina shi ne ƙaramar takardar kwana bakwai, awa 24 a jere kowace rana, mutum ya ja layi inda ya yi barci ya sa alama inda ya ci abinci. Mutane ba sa tuna "yawanci", jiya suke tunawa. Wanda ya ce miki bayan isha'i ko kafin asuba ki karɓa, ke ki mayar agogo daga baya gwargwadon lokacin sallar garin a watan.

Kada ki tattara a watan azumi sai in shi ne batunki, ki kuma sa tambayar azumin Litinin da Alhamis. Ki tambayi shayarwa da ciki, yara ƙanana a ɗaki, wuta da fanka (barcin rana a watan Afrilu ba NEPA ai magana ce daban), maganin barci ko na mura, da shekara nawa tana dutin dare da dare nawa take jerawa.

Sai kuma tambayar ko tana barci a bakin aiki, wannan tana da muhimmanci amma ba wadda za ta faɗi gaskiya in da sunanta a kai ko in ta hannun incaj, wato shugabar wod, za ta mayar da takardar. Lamba kawai ki sa, ke da kanki ki karɓa, ki samo takardar kwamitin ɗa'a na asibitin tun kafin ki fara. Manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox na aiki ko ba data in waya za ki yi amfani da ita. Ki fara gwadawa a kan mutum goma zuwa sha biyar daga wani wod da ba ya cikin binciken, ki zauna kusa ki ga inda suke tsayawa suna tambayarki me ake nufi, in cikawar ta wuce minti sha biyar ki rage. Kuma kada ki tare su da safe suna miƙa aiki, a gajiye suke za su yi ta tik ne kawai su tafi, ki bari sai dare ya ɗan yi an gama raba magani.